Daga Kan Burtu Zuwa Fatar Bijimi: Tarihin Kusantar Tsuntsayen Daji Domin Ɗaukar Hotonsu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin matsawa kusa da kurciya tana kiwo a bakin gona ya san abin da ke biyo baya. Za ta ƙyale shi ya yi taku biyar ko shida, ta ɗaga kai ta dube shi, da zarar ya ƙara ɗaya kuwa sai fir, ta tashi. Akwai wata tazara da tsuntsu ya ajiye tsakaninsa da ɗan Adam, wadda ba a ganinta da ido, amma shi ya san iyakarta sarai. Wannan maƙala za ta bi sawun mutanen da suka yi fama da wannan tazara tun daga ƙarshen ƙarni na 19, ba domin su harbi tsuntsu ko su kama shi ba, sai domin su ɗauki hotonsa yana cikin harkokinsa. Yawancin labarin ya faru ne a ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya, domin can ne sana'ar ta tsiro. Abin da tarihin zai nuna wa mai karatu shi ne, kusantar nan da ta ceci rayukan tsuntsaye masu ɗimbin yawa ita ce kuma ta sha jefa su cikin haɗari, kuma sai da aka daɗe kafin masu kyamara su gane inda iyaka take.

Dabarar Maharbi

Tun kafin a ƙago kyamara, maharba sun riga kowa sanin matsalar. A ƙasar Hausa da ƙasar Nupe, maharbi kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ko dai ainihin ƙoƙon kan tsuntsun da bakinsa, ko kuma wanda aka sassaƙa da icce aka lulluɓe da fata. Sai ya yafa baƙin mayafi, ya duƙa, ya riƙa tafiya cikin ciyawa yana kaɗa kai kamar yadda burtu ke yi in yana tsince-tsince. Barewa da gada sun saba ganin burtu yana yawo a tsakaninsu bai taɓa cutar da su ba, saboda haka ba su kula shi, har maharbi ya kai inda kibiyarsa za ta iya cim musu.

Hikimar da ke cikin wannan dabara ita ce, abin da namun daji ke gudu shi ne siffar mutum da irin motsinsa. Wanda ya iya sauya siffa, ya kuma mallaki motsin jikinsa, ya rage tazarar. Masu ɗaukar hoto na farko a Turai ba su san burtu ba, amma larura ta kai su ga irin wannan tunani, kamar yadda za a gani.

Lokacin da Kyamara ba ta Iya Kama Mai Motsi

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto da Bafaranshe Louis Daguerre ya ƙago. A wancan lokaci sai an bar idon kyamara a buɗe na tsawon mintoci kafin hoto ya kama, saboda haka ko mutum ma sai an tallafe masa wuya don kada ya motsa, balle tsuntsu. A 1851 aka zo da faranti na gilashi wanda ake shafa wa magani, amma tilas a ɗauki hoton a kuma wanke shi kafin maganin ya bushe, wato sai mai hoto ya tafi daji da ɗakin wankinsa. Don haka hotunan tsuntsaye na farko mafi yawansu na matattu ne waɗanda aka cusa wa ciko aka ɗora a kan reshe.

Sauyi ya zo ne bayan da wani likita ɗan Ingila, Richard Leach Maddox, ya bayyana hanyar yin busasshen faranti a 1871. Kafin shekara goma ta cika an soma sayar da irinsa a kasuwa, kuma yana kama hoto cikin ƙiftawar ido. A 1884 wani Bajamushe mai suna Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan farar shamuwa ta Turai tana sauka tana tashi a kan sheƙarta, fukafukai a buɗe. Hotunan sun ba mutane mamaki ƙwarai, kuma suna daga cikin abubuwan da suka ƙarfafa wa Otto Lilienthal gwiwa, mutumin da ya yi nazarin tashin shamuwa, ya kuma soma shawagi a iska da fukafukan da ya ƙera a 1891. Ya kamata a lura da cewa tsuntsuwar da aka fara cin nasara a kanta ita ce wadda dama take sheƙa a kan rufin gidajen mutane. Sauran tsuntsayen, waɗanda ba su amince da ɗan Adam ba, suna nan da tazararsu, gilashin kyamara na zamanin kuwa ba ya jawo nesa kusa. Wanda ke son hoton ƙaramin tsuntsu dole ya kai kyamararsa taku kaɗan daga gare shi.

'Yan'uwa Biyu da Bijimin Ƙarya

Babu waɗanda suka yi suna a wannan fage kamar wasu 'yan'uwa biyu, Richard Kearton da ƙanensa Cherry, 'ya'yan talakawan karkara daga ƙauyen Thwaite a lardin Yorkshire na Ingila. An haifi Richard a 1862, Cherry kuwa a 1871. A 1892 suka ɗauki hoton sheƙar wata tsuntsuwa mai zaƙin murya da ƙwayayenta a ciki, daga nan suka ƙudura niyyar bin sheƙunan tsuntsayen ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya. A 1895 suka fitar da littafinsu a kan sheƙunan tsuntsayen Birtaniya, wanda ake ɗauka shi ne littafin farko na halittu da aka ƙawata da hotunan kyamara zalla, ba zanen hannu ba.

Wahalar da suka sha ba kaɗan ba ce. Cherry ya sauka da igiya a jikin duwatsun bakin teku da kyamara goye a bayansa, ya shiga ruwa har wuya, ya kuma tsaya a kan kafaɗun wansa domin ya kai tsawon wata sheƙa. Amma sheƙa da ƙwai ba sa gudu. Uwar da ke kwanci ita ce matsalar, domin da ta hango su sai ta tashi. Nan ne suka shiga ƙera maɓoya iri-iri. Sun yi kututturen icce na ƙarya, sun yi dutsen ƙarya, sun yi tunkiyar ƙarya wadda suka sa kyamara a ƙirjinta suna danna ta daga nesa da bututun iska. Mafi shahara ita ce ta wajajen 1900, lokacin da suka sa aka jeme fatar wani ƙaton bijimi, aka ɗora ta a kan ƙirar katako, aka huda ƙirjin domin idon kyamara. Mutum zai shiga ciki ya duƙa, ya jira.

Dabarar ta yi aiki, domin tsuntsayen makiyaya ba su tsoron shanu, kamar yadda balbela ke bin garke a ƙasarmu ba ta damu ba. Sai dai zaman cikin bijimi azaba ne. An ba da labarin wata rana da bijimin ya kife da ɗaya daga cikinsu yana ciki, ƙafafu sama.

Abin sha'awa shi ne yadda lamarin ya ƙare. A hankali aka gane cewa duk wannan kwaikwayo ba dole ba ne. 'Yar bukka ta ƙyalle marar ƙyalli ta wadatar, muddin an kafa ta nesa tukuna, ana matso da ita kaɗan-kaɗan cikin kwanaki har tsuntsu ya saba da ita. An kuma gano wata dabara: mutum biyu su tafi bukkar tare, ɗaya ya shiga, ɗaya ya juya ya tafi a fili. Yawancin tsuntsaye, da sun ga mutum ya tafi, sai hankalinsu ya kwanta su koma kan sheƙa. Ashe ba siffar bijimi ce ta yi aikin ba, rashin motsi ne da haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

A Amurka ma haka aka bi. Frank Chapman, masanin tsuntsaye a babban gidan adana kayan tarihin halittu na birnin New York, ya yi tasa bukkar da lema wadda ya zagaye da ƙyalle. Da ita ya shiga tsakiyar dubban tsuntsayen filamingo masu kwanci a tsibirin Andros na ƙasar Bahamas a 1904, ya zauna a cikinsu ba su watse ba. A Ingila kuwa wata mata mai suna Emma Turner, wadda ta zauna a cikin jirgin ruwa a fadamun Norfolk, takan kwanta a ƙasa a lulluɓe ta da ruɓaɓɓen ciyayi, idon kyamara kaɗai ke leƙowa. A 1911 ta ɗauki hoton ɗan tsakon wani dangin zalɓe mai ɓuya cikin ciyayin fadama, wanda Turawa ke kira bittern. Hoton ya zama shaidar cewa tsuntsun ya dawo yana hayayyafa a Birtaniya, bayan an daɗe da fid da rai da shi.

Hotunan da Suka Ceci Rayuka

A daidai wannan zamani wata annoba ta auka wa tsuntsaye, ba ta cuta ba, ta ado. Matan Turai da Amurka sun shiga yayin huluna masu gashin tsuntsu, musamman dogon farin gashin nan mai laushi da ke fitowa a bayan farin zalɓe, ɗan'uwan balbela. Wannan gashi kuwa ba ya fitowa sai lokacin hayayyafa, saboda haka maharba kan je ne daidai lokacin da iyaye ke ciyar da 'ya'ya. Tun a 1889 wasu mata a birnin Manchester suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye domin yaƙar wannan ciniki, amma 'yan kasuwa suka riƙa cewa gashin da ya zube ake tsinta.

A 1906 wani ɗan Ostareliya mai suna Arthur Mattingley ya shiga kwale-kwale cikin dajin da ruwa ya malale kusa da Mathoura, a yankin kogin Murray, ya ɗauki hotunan fararen zalɓe a kan sheƙunansu. Da ya koma bayan 'yan makonni, sai ya tarar maharba sun riga shi. Gawawwakin iyaye na yawo a kan ruwa, an fige musu baya, 'ya'yan kuma na kan sheƙa suna miƙa wuya, yunwa na kashe su. Ya ɗauki hoton abin da ya gani daki-daki. An buga hotunan a 1907, suka ƙetare teku, har a 1911 ƙungiyar nan ta Ingila ta ɗauki mutane suna yawo da su rataye a wuya a titunan Landan. Gani ya kori ji. Ko da yake an ɗauki lokaci ana ja-in-ja, a 1921 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar hana shigo da irin wannan gashi.

Haka kuma a Amurka, William Finley da abokinsa Herman Bohlman sun hau wasu duwatsu da ke cikin teku a gaɓar jihar Oregon a 1903, suka kwana a can suna ɗaukar hotunan tsuntsayen ruwa waɗanda masu harbin nishaɗi ke karkashewa. Hotunan sun isa gaban Shugaba Theodore Roosevelt, wanda ya mai da wurin mafakar tsuntsaye a 1907. A nan ana iya cewa kusantar ta biya kuɗin sabulu, domin mutumin da ya taɓa ganin idon ɗan tsako kusa da kusa ba zai ƙara kallon hular gashi kamar da ba.

Ɗaya Gefen Labarin

Amma ba duk wanda ya kusanci sheƙa ne ya bar ta yadda ya same ta ba. A 1901 Francis Herrick, malamin ilmin halittu a wata jami'a da ke Cleveland ta Amurka, ya fitar da littafi inda ya bayyana hanyarsa: ya sare reshen da sheƙa ke kai, ya kawo shi fili inda akwai haske, ya kafa shi kusa da tantinsa. Iyaye kan biyo kukan 'ya'yansu, shi kuma ya sami hotonsa. Wasu kuma suka ɗauki al'adar share ganyayen da suka rufe sheƙa domin kyamara ta gani sosai, suka manta cewa ganyen nan shi ne ke kare 'ya'ya daga rana da ruwa da idon hankaka da shaho. Uwar da aka kora daga kwanci kuwa, in ta daɗe ba ta dawo ba, ƙwai kan huce ya lalace. Irin wannan ɓarna ba ta fitowa a hoto. Mai kallo yana ganin kyakkyawar sheƙa, bai san abin da ya same ta washegari ba.

Wani lokaci kuma mai hoton ne ke biyan farashi. Eric Hosking, wanda aka haifa a Landan a 1909, shi ne mutum na farko-farko da ya riƙi hoton tsuntsaye sana'ar ci da sha. A cikin watan Mayu na 1937, a yankin Wales, ya koma da dare wurin maɓoyar da ya kafa kusa da sheƙar wata mujiya. Yana hawa sai uwar ta taso ba a ji ƙarar fukafukinta ba, ta kai masa fyaɗa a fuska, farcenta ya shiga idonsa na hagu. Likitoci suka ce ko a cire idon ko ya rasa duka biyun, aka cire. Bahaushe ya ce garin neman gira a rasa ido, ga shi nan ya faru a zahiri. Abin da ya bambanta Hosking da wasu shi ne bai ɗora wa mujiya laifi ba. Ya san 'ya'yanta take karewa. Da aka sallame shi daga asibiti ya koma ya ƙarasa aikinsa a kan wannan sheƙa, ya kuma ci gaba da sana'arsa har rasuwarsa a 1991.

Tazarar Gudu da Zuwan Doka

A cikin shekarun 1930 wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Suwizalan, Heini Hediger, ya raɗa wa abin da maharba suka daɗe da sani suna, wato tazarar gudu: nisan da dabba za ta bari abin tsoro ya matso kafin ta arce. Binciken da aka yi bayansa ya nuna cewa manyan tsuntsaye sun fi ƙanana saurin tashi daga nesa, kuma na cikin gari sun fi na daji barin mutum ya matso. Wato tazarar ba ƙayyadadda ba ce, tana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon abin da tsuntsu ya gani daga mutane. Mun san wannan a gida. Shamuwa na zuwa da farkon damina ta yi sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari, domin an daɗe ana ganin girmanta ba a jifanta, alhali kuwa fakara da zabon daji, waɗanda suka san tarko da bindiga, ko inuwar mutum ba su yarda da ita ba.

An kuma gane cewa kowace tashi tana da tsada. Tsuntsun da aka kora ya bar abinci, ya ƙona ƙarfin da ya tara, ya bar ƙwai ba mai tsaro. Wannan fahimta ce ta shiga cikin dokoki. A Birtaniya, dokar kare namun daji ta 1981 ta mai da shi laifi a tada hankalin wasu jinsunan tsuntsaye da aka lissafa a lokacin da suke gina sheƙa ko suke da ƙwai ko 'ya'ya, kuma mai son hotonsu a sheƙa sai ya nemi lasin. Farar mujiya, wadda hotunanta suka ɗaga sunan Hosking, tana cikin jerin.

A yau gilashi mai jawo nesa kusa ya kai milimita 500 ko 600, kyamarar zamani kuma ba ta bukatar fim, tana ɗaukar hotuna da yawa cikin daƙiƙa guda ba tare da ƙara ba. Mutum zai zaci an huta da matsalar, tun da babu sauran dalilin shiga cikin bijimi. Sai dai masu kyamara sun yawaita fiye da kowane zamani, kuma sababbin hanyoyin takura sun ɓullo. Akwai masu kunna kukan tsuntsu a wayar hannu, namiji ya zaci kishiya ce ta shigo masa gida, ya bar aikinsa ya fito faɗa da iska. Akwai masu tura ƙananan jirage marasa matuƙi kan sheƙuna. Akwai kuma masu baza wurin da suka ga tsuntsu mai wuyar gani a intanet, kashegari jama'a su yi masa caa. Saboda haka ne wasu rumbunan bayanan tsuntsaye, irin su eBird, suke ɓoye ainihin wurin da aka ga jinsunan da ke cikin haɗari.

Inda Abin ya Shafe mu

Wannan tarihi ba na nesa ba ne kawai. Fadamun Haɗeja da Nguru suna karɓar baƙin tsuntsaye daga Turai da Asiya kowace shekara, waɗanda suka ƙetaro Sahara domin su yi rani a nan, kuma tun a shekarar 2000 aka sa wani yanki na fadamun cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Tsuntsun da ya yi irin wannan tafiya, wanda kuma zai sake yin ta in zai koma, ba ƙaramar asara ake ja masa ba in aka tashe shi sau goma a yini domin a sami hotonsa yana sama. A Filato kuma, a dajin Amurum kusa da Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da aka kafa a 2001 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, a yankin da ke da wata 'yar jar tsuntsuwa ta cikin duwatsu wadda masana ba su bayyana ta a matsayin jinsi na daban ba sai a 1998. Ɗalibanmu da dama yanzu suna riƙe da kyamara a aljihu. Su ne za su zaɓa ko su gaji haƙurin 'yan'uwan Kearton ko zarton Herrick.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda gajartar gilashi ta tilasta wa mutanen farko su matsa, matsawar ta koya musu ɓuya da haƙuri, hotunan da suka samo suka taimaka wajen kafa dokokin kare tsuntsaye, daga bisani kuma dokokin suka juyo suka yi wa masu hoton kansu iyaka. Maharbi mai kan burtu yana auna nasararsa da naman da ya kawo gida. Mai kyamara ba shi da wannan ma'auni, domin zai iya dawowa da kyakkyawan hoto alhali ya bar sheƙar da ba za a sake komawa kanta ba. Ma'auninsa shi ne abin da tsuntsu ke yi bayan ya naɗe bukkarsa ya tafi. In uwa na nan kan ƙwanta, namiji na kai da komo da tsutsa a baki kamar ba wanda ya zo, to, ya kusanta yadda ya kamata. In kuwa ta ɗaga kai ta daina ci, ta tsura masa ido, to, ya riga ya taka iyaka, abin da ya rage masa shi ne ya ja da baya.